Fure Ko Fulawa, Wanne Ne Na Amarya?

Yau kuma a kan fulawa zan yi magana, amma ba fulawar da muke kwaɓawa mu soya fanke ko cincin ba, a'a, waccan fulawar da ake danƙa wa amarya ranar dina ta rungume a ƙirji ana ɗaukar ta hoto. Duk wadda ke zuwa biki a 'yan shekarun nan, ko a Funtuwa ne ko a Malumfashi, kai har Bakori da Kafur da Danja, ta san abin da nake nufi. An ƙawata wurin zaman ango da amarya da fulawa tun daga ƙasa har sama, an liƙa wa motar amarya fulawa, gadon amarya ma an watsa masa jajayen ganyayyaki an yi siffar zuciya da su. Wannan duk ado ne, ni kuwa ba ni da faɗa da ado. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani karatu da ya biyo bayan adon, wai shi ma'anar furanni.

Za ki ga yarinya ta buɗe waya tana karanto wa ƙawayenta kamar mai bitar hadda: jan wardi, wanda suke kira ros, soyayya ce mai zafi, fari tsarkin zuciya ne, ruwan hoda godiya, ruwan ɗorawa kuwa kada a kuskura, kishi ne. Daga nan sai a zauna ana zaɓen na biki da wannan ma'auni, ana musu, ana ɓata rai. Akwai wata 'yar maƙwabtanmu da saurayinta ya aiko mata da fulawa ruwan ɗorawa saura sati biyu a ɗaura, ta wuni kuka, wai ai ga shi nan tun ba a je ko'ina ba ya nuna mata kishiya zai yi mata. Shi kuwa bawan Allah da aka tambaye shi, cewa ya yi ita kaɗai ta rage a shagon. To kin ji fa. Shi ya sa na ga ya kamata mu tsaya mu tambayi wannan karatu, wa ya rubuta shi, a ina, kuma don wa?

Asalin abin bai kai nisan da ake zato ba. Tsakanin 1717 da 1718 wata Baturiya mai suna Mary Montagu, matar jakadan Ingila a ƙasar Turkawa, ta zauna a Istanbul, ta riƙa rubuto wa 'yan'uwa da ƙawaye wasiƙu a kan abin da ta gani. A ciki ta ba da labarin wani wasa na masoya, inda ake ƙunsa 'yan tarkace, kamar fure ko kanumfari ko zare ko gawayi, a aika wa mutum a matsayin wasiƙa. Sai dai sirrin wasan ba a jikin furen yake ba, a sunansa yake, wato ana neman wata magana ce da ƙarshenta ya yi amo ɗaya da sunan abin, kamar dai yadda 'yan matanmu ke yi a waƙar gaɗa. An buga wasiƙun a 1763, bayan rasuwarta. Turawa suka ji labari, suka fahimce shi a baibai, suka ɗauka kowane fure da ma'anarsa aka halicce shi. A 1819 aka buga wani littafi a birnin Paris na Faransa da sunan wata Charlotte de Latour, wanda ma sunan aro ne, ya jera furanni da ma'anoninsu. Littafi ya yi kasuwa, sai masu ɗab'i a Ingila da Amurka suka shiga kwaikwayo, kowa ya ƙara nasa gishirin. Mu da muka san halin kasuwar littafi, ai ba sai an yi mana bayani ba. Littattafan kyauta ne da ake saya wa 'ya'yan masu hali su ajiye a falo.

Kuma da yake ramin ƙarya ƙurarre ne, su kansu jerin ba su yarda da juna ba. A wani da aka buga a Ingila a 1884, na wata mai zane Kate Greenaway, wardi ruwan ɗorawa alamar kishi ne da sanyin soyayya. Yau kuwa masu sayar da fulawa a can cewa suke yi alamar abota ce da farin ciki. Furen bai canza ba, ni dai a ganina kasuwa ce ta canza, don ba mai sa kuɗinsa ya sayi kishi. A wannan littafin dai an ce ɗoɗɗoya alamar ƙiyayya ce. Haba jama'a, ɗoɗɗoyar da muke sa wa a miya? Larabawa raihani suke ce mata, kuma ya zo a hadisin da Imam Muslim ya ruwaito cewa ba a mayar da kyautar raihani. A Indiya wata 'yar'uwarta ake shukawa a tsakar gida ana girmamawa.

Akwai wani fure da ake kira kirisantimom. A Japan shi ne tambarin gidan sarautarsu. A Faransa da Italiya kuwa maƙabarta ake kai shi a farkon watan Nuwamba, kika kai wa amarya shi kin yi mata mugun baki. Wancan fure ruwan goro mai cukus da muke gani an yi sarƙa da shi an rataya wa ango da amarya a fim ɗin Indiya, wanda suke kira genda, a Meziko shi ake jerawa ranar tunawa da matattu. A Rasha ma lissafi ake yi, in furannin suka zama biyu ko huɗu ko shida, to na gaisuwar mutuwa ne. Shi kansa farin da ake ce mana na amarya ne, a Sin da Indiya launin makoki ne, amaryarsu ja take sawa. A Turai ma farin bai zama yayi ba sai bayan da Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi aure ranar 10 ga Fabrairu 1840 cikin farar riga, da rawanin furen lemo a ka, matan gari suka ga na sarauniya suka bi. To wanne za mu ɗauka? Kin ga ashe ma'anar ba a cikin fure take ba, a zukatan mutanen da suke rayuwa da furen take.

Mu kuma ta ƙofar Indiya abin ya fi shigo mana. Shekara da shekaru muna kallon finafinansu, daga sinima zuwa talabijin zuwa bidiyon cikin ɗaki, muna ganin saurayi da budurwa suna zagaya lambu suna waƙa, in an zo wurin da ba a son nunawa sai a hasko furanni biyu suna haɗa kai. Amma su a wurinsu fure yana da saiwa. Rataya wa juna sarƙar fure yana cikin ɗaurin auren kansa, kuma da fure suke bauta a ɗakunan ibadarsu. Mu sai muka tsinko kan muka baro saiwar a can.

A nan ne nake da magana da marubutanmu da masu shirya fim. Ba na cikin masu zagin littattafan soyayya, a'a. Irin su Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna, da tamu ta gida Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, sun sa mata da yawa son karatun Hausa, kuma an taɓo maganar auren dole da zaman kishi da karatun 'ya mace a lokacin da ba kowa ke iya furtawa ba. Wannan alheri ne, ba za a manta ba. Amma a tarin littattafan da suka cika kasuwa, da finafinan da suka biyo baya, sai aka maida fulawa wata hanyar gudun aiki. Marubuci ya rasa yadda zai nuna miki yaron nan yana son yarinyar nan, sai ya kai shi lambun gidan ubansa ya tsinko jar fulawa ya durƙusa, shi ke nan an gama. Ba ƙamshi, ba suna, ba lokacin shekara, fulawar da ke fitowa rani da damina a gidan da ba a taɓa nuna mai ba ta ruwa ba. Da wuya ki ga an kai masoyan nan bakin gonar auduga, alhali rabin masu karatun a gefen gona suka girma. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne kamar yadda wasu ke cewa, rashin kallo ne. Marubucin bai ɗaga kai ya dubi abin da ke bayan gidansu ba.

Wani masani Baturen Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya fitar da littafi a 1993 a kan al'adun fure a duniya, ya buɗe shi da tambayar ko Afirka tana da al'adar fure ma kuwa. A ganinsa noman fure don kallo kawai abu ne na ƙasashen da abinci ya yi rara, aka samu masu hali da ke iya ware fili da ruwa da ma'aikata don abin da ba a ci. Ni na ba shi rabin gaskiya. Lallai kakanninmu ba su yanko fure su tsoma a kwalba su zauna kallo ba, manomi kuma ya san duk furen da aka tsinke ɗa ne aka zubar. Amma a ce ba mu da fure a aure? Akwai shi, sai dai namu ba a hannu ake riƙe shi ba. A baki yake, da tafin hannu, da tukunya, da jikin zane.

Ki tambayi kakarki abin da ake nufi da fure a zamaninsu, ba za ta ce miki wardi ba. In aka ce fure kawai, ba a ƙara komai ba, furen taba ake nufi, har tsofaffin ƙamus na Hausa sun kawo shi da wannan ma'ana. 'Yan talla suna yawo da shi tare da goro, mace ta ci goro ta goga fure a haƙora su yi jawur, ta sa kwalli, ta sha lalle, shi ke nan kwalliya ta cika. Saurayi kan kashe kuɗinsa a goro da fure kamar yadda na yanzu ke kashewa a katin waya. Kin ga wannan fure ne mai ma'ana, kuma kowa a gari ya san ma'anar ba tare da an buɗe littafi ba. Ban ce a dawo da shi ba fa, taba taba ce ko ganye ko fure, kuma farin haƙori ya fi. Na kawo shi ne don a san ba yau muka fara ba.

Sai lalle, uwar biki. Da shi ake kamu, da shi amarya ke shiga lalle, sunan kwanakin ma ke nan. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a Giwa, nan kan hanyarmu ta Zariya, a 1949 zuwa 1950, cike yake da labarin aure, kuma lalle ne a gaba. Amma 'yan mata nawa ne a yau suka taɓa ganin furen lalle? Wasu 'yan mitsi-mitsin furanni ne farare masu fitowa cunkus a kan reshe, ƙamshinsu da yamma sai ya tsayar da mai wucewa. A Indiya har turare ake tatsa daga gare su. Mu ganyen muka sani, don a cikinsa launin yake. Da can hannu ake zurawa a zunguru a kwana, a tashi da ja har wuyan hannu, daga baya aka zo ƙunshin salatif, yanzu kuma zanen fulawa ake yi har gwiwar hannu. Kin ga fulawa ta dawo jikin amarya ta wata ƙofar, wannan kuwa na yaba, don sana'a ce da 'yan mata da yawa ke rufa wa kansu asiri da ita.

Sai dai a nan akwai gargaɗi, kuma ba na wasa ba ne. Lalle na gaskiya ja yake yi ko ya yi duhu-duhu, ba ya yin baƙi wuluk cikin rabin awa. Wancan baƙin da ake zanawa, yawanci maganin rina gashi ne aka haɗa, mai wani sinadari da ake kira PPD. Wasu fatarsu ba ta ɗaukar sa, sai hannu ya kumbura ya yi ƙuraje masu ruwa, zanen ya koma tabo, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, to ya ƙi ke nan har abada. Amarya da kumburarren hannu ranar buɗar kai, ina amfanin baɗi ba rai? Haka kuma jan lallen ma kada a shafa wa jarirai don murnar biki, akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini wanda lalle ke iya fasa musu ƙwayoyin jinin.

Kanumfarin da ke cikin kayan yajin gara, da turaren wuta, da kunun mai jego, kin san ko mene ne? Fure ne, wallahi. Tohon fure ne da ake tsinkewa kafin ya buɗe a shanya, daga irin su Zanzibar da Madagaska da Indonesiya ake kawo shi. Zoɓon da ake cika robobi da shi ranar wuni, kofin furen yakuwa ne, wanda yanzu har Meziko ake fitar da shi daga arewacin ƙasar nan. Kwanukan jeren iyayenmu duk zanen fure ne a jikinsu, haka zanen gadon da matan aure ke zama su ɗinka wa furanni da zare da allura. Ba a rasa fure a ɗakin amaryar Bahaushe ba.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne furen auduga, don mu nan ƙasar auduga ce. Tun zamanin Turawa kamfanin BCGA, wanda bakinmu ya mayar Bisije, yake da gidajen gurza a Funtuwa da Malumfashi, ga gonar iri a Daudawa, ga jirgin ƙasa da ya ratsa ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda yana kwasa, daga baya a ƙarshen shekarun 1970 aka kafa masaƙar Funtuwa. Aure nawa aka yi da kuɗin auduga a ƙasar nan? Lefe nawa, gara nawa, keken ango nawa? Allah kaɗai ya sani. Yanzu noman ya ja baya, masara da waken soya sun cinye gonaki da yawa, amma har yau ana yi.

Duk wadda ta taɓa kai abinci gona a ƙarshen damina ta ga abin da zan faɗa. Furen auduga da safe yake buɗewa, fari mai ɗan sirkin ruwan ɗorawa, kamar man shanu. Kafin gobe ya juya ruwan hoda, ya ƙara ja, a kwana na uku ya yanƙwane ya faɗi. Shi ya sa za ki ga itace ɗaya da fari da ja a lokaci guda, na yau da na jiya. Wanda bai sani ba sai ya ce an yi asara. Manomi kuwa a lokacin ne hankalinsa ke kwanciya, don a gurbin furen ne ɗan ƙwallo ke fitowa, ya yi ta girma a rufe har kusan wata biyu, sannan ya tsage ya fito da farin kaɗa. Daga nan a yi abawa, a yi zare, a saƙa zanen goyo, a cusa katifa, angurya kuma a matse mai a ba shanu sauran. Ke 'yar'uwa, in ana neman furen da ya yi kama da aure, wanne ya kai wannan? Amarci kwana nawa ne? Farin ranar farko ba ya zama, kuma ba laifi ba ne don bai zauna ba, abin da ya bari a gurbinsa shi ne zancen. Ros ɗin roba kuwa shekara goma yana nan yadda yake, sai ƙura, bai taɓa ƙamshi ba, bai taɓa haifar komai ba. In ma'ana muke bi, to a gaskiya wannan ba fatan da za a yi wa amarya ba ne.

Akwai kuma furen da ya fi kowanne kyau a gonar dawa da masara, wanda ba manomin da ke son ganinsa, wato wuta-wuta, wasu su ce ƙuduji. Ruwan hoda ne mai sirkin shunayya, in ya cika gona baƙo daga birni sai ya tsaya ɗaukar hoto. 'Ya'yansa ƙanana ne kamar ƙura, tushe ɗaya na zubar da dubun dubata, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Ba sa tsirowa sai sun ji alamar saiwar dawa ko gero ko masara a kusa, sai su tsiro su kama saiwar su yi ta tsotsa a ƙarƙashin ƙasa. Kafin furen nan mai kyau ya leƙo sama, an riga an gama ɓarna, shuka ta tsumbure. Kuma ya fi kama gonar da ta gaji, wadda ba ta samun taki. Masu bincike a Samaru ta Zariya sun daɗe suna fitar da irin masarar da ke jure masa. Wani abin sha'awa kuma, auduga da waken soya suna yaudarar sa, ya ji saiwarsu ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu.

Na kawo wuta-wuta ne don shi nake tunawa duk lokacin da na ga an cika zauren biki da fulawa a gidan da na san halin da ake ciki. Bikinmu yawanci da kaka ne, lokacin da hatsi ya shigo kuma farashinsa ya faɗi. Uba zai ɗaure buhunan masara ya kai kasuwar Ɗandume ko Bakori ya sayar da arha don ya fita kunyar 'yarsa, ga gado, ga kujeru, ga kayan kicin, ga gara. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, kowa ya san yadda komai ya tashi. A kan wannan nauyi ne ake zuwa a ɗora masa kuɗin mai ado, wai ƙawaye sun ce in ba fulawa hoto ba zai yi kyau ba. Uwa ta ci bashi, ko ta karɓi adashen da ba ta san yadda za ta zuba ba. Awa uku a tashi, mai ado ya kwashe kayansa ya loda a mota ya nufi wani bikin. Damina ta zo, ba kuɗin taki, masarar da aka sayar da arha a dawo a saye ta da tsada. Furen yana sama a hoto, tsotson yana ƙasa.

Kuma kada a ruɗe mu, kallon kitse ake yi wa rogo. Yawancin fulawar nan roba ce da yadi, daga Sin ake lodo ta, musamman babbar kasuwar birnin Yiwu, ta biyo ta Kano ta iso mana. Na halarci biki uku cikin wata guda, na gane fulawa ɗaya ce a duka ukun, don akwai wani reshe da ya karye aka ɗaure shi da baƙin zare. Amare uku, soyayya mai zafi guda ɗaya ta haya. Ɗanyen wardi kuwa ba ɗan ƙasar zafi ba ne. Wanda ake sayarwa a Turai ma da yawansa daga tsaunukan Kenya ne, gefen tafkin Naibasha, da Habasha, ana yanka shi a sa a ɗakin sanyi, a ɗora a jirgin sama zuwa kasuwar fure ta Holan. A ƙasar nan sai irin su Jos mai sanyi. Ki ɗauko shi ki kawo Malumfashi a watan Afrilu, ko cikin hunturu mai busar da leɓe, kafin a gama hotuna ya sunkuyar da kai.

To wadda ta ce ita fa lallai sai ta riƙe wani abu a hannu, ban hana ta ba, ranarta ce. Mai hali ta sayi abin da ranta ke so, ta zaɓi launin da ya hau da leshinta, ta bar zancen wai wannan kishi ne wancan rabuwa ce, in kuma ango ya kawo ruwan ɗorawa ta karɓa ta yi godiya. Marar hali kuma kada ta ci bashi a kan abin da ke tsirowa kyauta. Akwai waccan mai yaɗo a katangar makarantu da gidajen gwamnati, mai ƙaya, mai kama da takarda, da ake kira bugenbiliya, da rani take cika, kuma ko ta bushe launinta ba ya saurin gudu. A roƙi mai gida, a yanka da sassafe, a kankare ƙayar, a tsoma gindin a ruwa a ajiye a inuwa. Amma a kiyayi waccan da ake shinge da ita, mai siririn ganye da fure ruwan ɗorawa kamar mazurari, wadda in an karya take fitar da farin ruwa kamar madara. Guba ce, musamman 'ya'yanta, gidan biki kuwa cike yake da yara masu kai komai baki. Haka zaƙami, farin furensa kamar kakaki, gwanin kyau, ba banza aka sa masa haukata-yaro ba.

In kuwa bikin na kaka ne, ga shawarata. A aiki ƙanen amarya gona ya karyo rassan auduga da suka tsage suka yi fari tas, guda bakwai ko tara, waɗanda ruwa bai taɓa ba. A haɗa da 'yan rassan lalle, in an yi sa'a masu fure, a ƙara zangarniyar jar dawa ɗaya ko biyu don launi, a ɗaure gindin da ƙyallen ankon biki. Amare a kudancin Amurka, inda su ma ƙasar auduga ce, kuɗi suke biya a haɗa musu irin wannan. Ba ya buƙatar ruwa, ba ya tsoron rana, bayan biki a soke shi a saman kabet ya shekara. Abu ɗaya dai, ɓawon auduga yana da tsini a baki idan ya bushe, a sa almakashi a datse kowanne tun da dare, don kada ya ja wa amarya zaren leshi.